Rufin Gidan Karkara: Izini, Ƙa'ida da Iskar Farkon Damina

 

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku, malamanmu, Allah ya ƙara lafiya, jami'an ƙananan hukumomi, musamman 'yan sashen ayyuka, magina da birkiloli da kafintoci da na hango sun cika layin baya, iyayenmu mata, ɗalibai da sauran jama'a, barkanmu da war haka. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro, da suka ga ya dace a ware yini guda domin maganar da ba kasafai ake kawo ta zauren lacca ba.

An nemi in yi magana a kan izinin gini da ƙa'idojin gini a karkara. Fagen yana da faɗi, don haka na zaɓi in tsaya a kan rufi, domin a nan talaka ya fi zuba kuɗinsa, a nan kuma asara ta fi samunsa. Kowa a ɗakin nan ya san yadda abin yake. Tsakanin Afrilu da Yuni hadarin farko zai haɗo daga gabas, iska ta riga ruwa isowa, cikin 'yan mintoci ta yi abin da za ta yi. Washegari a ji a rediyo cewa ta kware gidaje a gari kaza, ajujuwan firamare sun zama kango, kwano ya yanki yaro, katako ya faɗa wa tsohuwa. Bayan kwanaki hukumar agajin gaggawa ta iso da bandir-bandir na kwano da buhunan siminti da ƙusa. A raba, a yi godiya, a kira kafinta ya mayar da rufin daidai yadda yake a da. Baɗi ko baɗin baɗaɗa iskar ta dawo ta tarar da raunin yana nan inda ta bar shi.

Matsayina a fili yake tun daga farko. Abin da ƙauye ke bukata shi ne ƙa'ida gajeriya, cikin harshensa, a hannun magininsa da kafintansa. Tsananin doka da takardar izini kuwa a tanade su domin ginin da jama'a ke taruwa a ƙarƙashinsa. Zan bi maganar a gaɓa shida.

Na ɗaya: izini daban, ƙa'ida daban.

Ƙa'idar gini ita ce bayanin yadda za a yi aiki don kada ya kashe mutum: zurfin harsashi, kaurin bango, irin katakon da zai ɗauki rufi, tazarar da za a bari tsakanin gida da hanya ko rafi ko wayar lantarki. Izini kuwa takarda ce da hukuma ke ba mutum bayan ta duba taswirar gininsa ta gamsu cewa ya bi ƙa'idar. An ƙirƙiro takardar ne don ta yi wa ƙa'idar hidima. To amma a wurare da yawa ta koma hanyar tara kuɗin shiga: a biya, a buga hatimi, ba wanda zai taka ƙafa ya je ya ga ko an ɗaure rufin. Gida yana iya samun izini ya rushe, wani kuma ba shi da ko ƙyallen takarda ya shekara ɗari a tsaye. Duk wanda zai kawo wa mutanen karkara zancen izini, haƙƙinsu ne su tambaye shi: bayan mun biya, wa zai zo ya duba, me kuma zai duba?

Na biyu: abin da ke rubuce.

Dokokin tsara garuruwa na zamani a Najeriya ba don ƙauye aka haife su ba. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta kasa wasu garuruwa aji uku, Legas kaɗai a aji na farko, hankalinta kuma yana kan unguwannin Turawa da tashoshin jirgin ƙasa da wuraren ciniki. Har fili mai faɗin yadi 440 aka ce a bari ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Birane na da da ƙauyuka an bar su a hannun En'e. A 1946 aka kawo dokar tsara birni da karkara wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932, ita ma a manyan garuruwa ta tsaya.

Sai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma raba ta gida biyu. Yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da shaidar mallakarsa. Abin da ya rage kuwa, ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a kansa, don noma ko kiwo ko zama, matuƙar bai wuce hekta 500 na noma ko 5,000 na kiwo ba. Ku lura, dokar ta faɗi wanda zai ba da fili, ba ta faɗi yadda za a gina shi ba.

A 1992 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 88 kan tsara birane da yankuna. Ta tanadi hukuma a tarayya, hukuma a jiha, da hukumar tsara gari a kowace ƙaramar hukuma, ta kuma ce ba a soma gini sai da izini. A 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara garuruwa hurumin jihohi ne. Wannan hukunci ne ya sa kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006 ba ya cin kowa a jiha sai jihar ta mayar da shi doka. Jihohi suna da hukumominsu, irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, amma ƙarfinsu a babban birni da manyan garuruwa yake ƙarewa. Ƙananan hukumomi 774 muke da su a ƙasar nan, Kano 44, Katsina 34, Jigawa 27. Jami'an da ke zaune a nan su gaya mana: a sashen ayyukanku injiniya nawa ne, babur nawa ne mai lafiya, ƙauye nawa ne a ƙarƙashinku?

Saboda haka mutumin karkara yana zaune ne a wani hali mai haɗari ta fuska biyu. Ba wanda ke nuna masa ƙa'ida lokacin da yake gini, amma dokar tana nan tana jiransa. Ku dubi ƙauyukan da ke kewaye da Kano ta wajen Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu. Jiya gona ce, yau an yi mata awon igiya an sayar, gobe birni ya cim mata. Ranar nan sai ga jan fenti a bango. Mutum ya gina a cikin mita 45.72 da doka ta keɓe daga tsakiyar babbar hanyar tarayya zuwa kowane gefe, ko a ƙarƙashin babban layin lantarki da aka keɓe wa faɗin mita 30 ko 50 gwargwadon ƙarfinsa, ba kuma wanda ya taɓa faɗa masa. In an rushe, gumin shekara ashirin ya tafi. Wannan tazara ba sai da injiniya ake sanin ta ba. Da dagaci da mai unguwa suna da ita a rubuce, da an tsare asara mai yawa kafin a haƙa harsashi.

Na uku: ba yau muka fara sanin ƙa'idar gini ba.

Akwai masu ɗaukan cewa ƙasar Hausa ba ta san dokar gini ba sai da Bature ya zo. Wannan ba haka ba ne. Sarautar Sarkin Magina ba ado ba ce. Shi ke sanin wanda ya isa a ba shi aikin soro da wanda har yanzu yaron magini ne, shi ake kira in gini ya tsage, shi ke tara magina in aikin fada ko masallaci ko ganuwa ya taso. Ilimin kuwa ƙididdigagge ne, ko da ba a takarda yake ba. Magini ya san azarar giginya ba ta son a shimfiɗa ta fiye da kamar ƙafa shida ba tare da tallafi ba, don haka in ɗaki ya fi haka faɗi sai a fito da azara daga bango hawa-hawa, ko a kafa ginshiƙi, ko a ɗaura baka, ko a yi ɗaurin guga. Ya san gara ba ta cika cin giginya ba. Ya san bango yana farawa da kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa. Ya san bangon gabas ne ruwa ke duka, shi ake ƙara wa yaɓe. Ya san makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, su ke hana ruwa shiga. Ya san indararo dole ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. A kan komai kuma akwai doka guda da kowane mai gida ya sani: kafin damina a hau soro a duba, a toshe, a sake yaɓe.

Da wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Da shi Falke Barmu ya soma masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar a 1962, ginin ƙasa da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Sannan akwai shari'a. Malamanmu da ke nan sun fi ni sani, Allah gafarta, in na kauce ku daidaita ni. Ƙa'idar hana cutarwa ita ce ginshiƙin hukunce-hukuncen maƙwabtaka a fiƙihun Malikiyya. A Tunis, a ƙarni na 14, an yi wani magini mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake rigima a kansu. Ya tattara hukunce-hukuncen a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan: katangar da mutum biyu suka yi tarayya a kanta, ruwan rufin wani da ke zuba a gidan wani, tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, hayaƙi da wari, bangon da ya karkata yana barazana ga masu wucewa. A hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito akwai wanda ya yi hani ga mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itacen rufi a jikin katangarsa, malamai kuma suka yi saɓani ko wajibi ne ko mustahabbi. Akwai kuma ruwayar da ta yi gargaɗi kan kwana a saman soron da ba shi da katangar da za ta tare mutum. Ashe rawanin da magini ke zagaya wa soro ya dace da koyarwar addini, ba kwalliya kaɗai ba ne.

To me ya faru? Kayan aiki suka canja, ƙa'idar ba ta bi su ba. Giginya ta yi ƙaranci ta yi tsada. Shuci da gamba na baibaya suka ja baya yayin da gonaki suka cinye daji. Matasa suka tafi ci-rani, hannun da ke yaɓe duk shekara ya ragu. Kwano ya shigo, ga sauƙi, ga sauri, ga shi alamar cewa mai gida ya samu. Ban zo in zargi kowa da rufin kwano ba. Wanda ya kwana yana tara kwanoni da tasoshi a ƙarƙashin soro mai yoyo ya san dalilinsa. Amma kwano ya zo ba tare da sarkinsa ba. Soro yana da masu ilimin da suka gada, kwano kuwa duk wanda ya riƙe guduma wata shida sai ya hau. Ilimin da ya mutu ba a maye gurbinsa da komai ba, kuma a wannan gurbi iska ke shiga.

Na huɗu: me ya sa kwano ke tashi?

Kafintoci, wannan gaɓa taku ce, ina roƙon ku ba ni kunnuwanku.

Yawancinmu muna ɗaukan iska tura rufi take yi. Gaskiyar ita ce tsotso shi take yi sama. In ta bugi bango ta haura ta bi ta kan rufi da gudu, matsin da ke saman kwanon yana raguwa, sai iskar da ke cikin ɗaki ta ɗaga shi. Ƙarfin nan kuma ba daidai da gudun iska yake ƙaruwa ba: in gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Iska mai gudun kilomita 100 a sa'a tana da matsin da ya kai kimanin kilo 47 a kan kowace murabba'in mita, wato kusan buhun siminti guda, sai dai wannan buhun sama yake ja. Ɗaki mai mita huɗu-huɗu, lissafin ya kai kilo 750. Aji mai mita bakwai da takwas ya haura tan biyu da rabi. A bakin rufi da kusurwoyinsa abin ya fi haka tsanani, shi ya sa kullum daga gefe kwano ke fara ɗagowa. In kuma akwai ƙofa ko taga a buɗe ta ɓangaren da iska ke fitowa, iskar ta cika ɗakin ta tura daga ciki, ƙarfi biyu sun haɗu ke nan. Yanzu ku tuna ajujuwan makarantunmu na ƙauye da tagoginsu ba marufi. Shin abin mamaki ne su ke fara kwarewa?

Soro nauyinsa ke riƙe shi. Kwano ba shi da nauyi, ɗauri ke riƙe shi, kuma ɗaurin hawa-hawa ne. Kwano a jikin ƙananan katakai da ke kwance. Waɗannan a jikin manyan da ke gangarowa. Manyan a jikin katakon da ke kwance a kan bango. Shi kuma a jikin bango, bango a jikin harsashi. In ɗaya ya yi sako-sako, ƙarfin sauran bai amfana komai ba. Wanda aka fi sakaci da shi kuwa shi ne na huɗu. Sau da yawa za ka tarar da rufi ya tashi ɗungurungum, kwano da katako a haɗe, ya sauka a gonar wani, ƙusoshinsa ko ɗaya bai zare ba. Kafinta ya yi aikinsa, birkila ya yi nasa, amma ba wanda ya ɗauki alhakin wurin da aikinsu ya haɗu. An ɗora katako a kan bulo an ɗan shafa siminti, shi ke nan.

Gyaran ba mai tsada ba ne. A binne siririn rodi ko langa-langa a cikin linta, ko layi uku zuwa huɗu na bulo ƙasa da saman bango, a naɗe katakon da shi a tazara kusa-kusa, musamman a kusurwa. In bangon ƙasa ne, a zurfafa wayar sosai a cikin jikinsa, domin saman bangon ƙasa ba ya riƙe komai. Linta ta zagaye ginin gaba ɗaya, kada ta tsaya a kan ƙofa da taga kawai. A yi amfani da ƙusa mai hula, a buga ta a kan tudun kwano don kada ta yi yoyo, a ƙara yawanta a layin baki da na tsororuwa. Kada a bar leɓen rufi ya zarce bango da yawa ba tare da an rufe ƙarƙashinsa ba. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska, wanda kuma ya kwanta sosai ya fi saurin tashi a kan mai matsakaicin tudu. Dabarar nan da maginanmu suka ƙirƙiro ta ɓoye bakin kwano a cikin rawanin bango tana da kyau ƙwarai, matuƙar an fitar wa ruwa hanya. A shafe katako da maganin gara kafin a hau da shi. A kuma guji ɗanyen katako, wanda in ya bushe ƙusa ke sakin jiki a cikinsa.

Ga kuma maganar kwanon kansa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ƙayyade mafi ƙarancin kaurin da aka yarda a sayar, amma kasuwannin ƙauye ne matattarar wanda bai kai ba. Kwanon da ya cika sirantaka yagewa yake yi ta bakin ƙusa ya bar ta a tsaye. Mai saye yana ganin ya rage kuɗi a bandir, alhali ya sayi rufin da zai sake saye. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da muke gani a kan rufi shaida ce cewa mai gidan ya san rufinsa ba a ɗaure yake ba, kuma ranar da iska ta fi ƙarfinsu, dutsen ma abin tsoro ne ga na ƙasa.

Na biyar: abin da wasu suka koya da tsada.

A Kirsimetin 1974 guguwar Tracy ta lalata fiye da kashi 70 cikin ɗari na gidajen birnin Darwin a Ostareliya. Bayanta aka sake ƙa'ida, aka wajabta ɗaure rufi tun daga kwano har harsashi. A Agustan 1992 guguwar Andrew ta faɗa wa kudancin jihar Florida a Amurka, yankin da ake yaba wa da tsauraran ƙa'idoji. Da aka bincika baraguzai sai aka tarar da ayyuka da yawa ba a yi su yadda aka rubuta ba, masu dubawa kuma ba su kama ba. Daga nan jihar ta yi kundi guda da ya fara aiki a 2002. Ko a Amurkar ma akwai gundumomin karkara da ba sa neman izinin gini, rumbuna da ɗakunan dabbobi kuma sau da yawa an ɗauke musu. Wato ko masu kuɗi ba su ce kowane gini sai takarda ba.

Amma ƙasar da ta fi kama da mu ita ce Nepal, matalauciya mai ƙauyuka a lunguna. Bayan girgizar ƙasa ta 1988 suka tsara kundinsu a 1994, suka yi shi hawa huɗu. Manyan gine-gine suna da nasu, matsakaita da injiniya ke zanawa suna da nasu. Ƙananan gidajen gari an ba su jerin dokoki masu sauƙi da magini zai bi ba sai da lissafin injiniya ba. Gidajen ƙauye na dutse da laka kuma aka yi musu jagora na musamman. Rubutawa ba ta wadatar ba, domin girgizar 2015 ta kashe mutum kusan 9,000, ta rushe ɗaruruwan dubban gidaje, akasari a karkara. Sai suka ɗauki matakin da nake so jami'anmu su riƙe. Tallafin sake gini, rupi 300,000 na kuɗinsu ga kowane gida, ba a ba da shi a dunƙule ba. Kashi uku aka yi shi, ba a sakin na gaba sai an zo an ga aikin da aka yi ya bi ƙa'ida, aka kuma horar da magina na cikin ƙauyukan.

Maƙwabtanmu na Nijar su ma suna da abin nunawa. Tun wajen 1980 aka fara koyar da magina gini ba katako, inda ake rufe ɗaki da baka da ƙubba na tubalin ƙasa zalla, dabarar da aka aro daga Nubiya a kudancin Masar. Ba azara, ba kwano, ga sanyi a bazara. Ita ma tana da sharaɗinta: magini horarre, da kula da rufin duk shekara.

Na shida: abin da nake ba da shawara.

A kasa gine-ginen karkara gida uku.

Kashi na farko, ɗakin kwana da rumbu da turke da shago na mai gida, hawa ɗaya. Wannan kada a nemi izini, kada a karɓi ko kwabo. A rubuta ƙa'ida shafi guda, da Hausar boko da ajami, da zane, a manna a ƙofar dagaci da wurin masu sayar da kwano da katako. A tara kafintoci da birkiloli na kowace gunduma a rani a nuna musu a aikace, a ba wanda ya iya shaida. A farfaɗo da Sarkin Magina a haɗa masa da shugaban kafintoci, su zama idon hakimi.

Kashi na biyu, aikin da ke canja nauyin gini ko ya taɓa maƙwabci. Wanda zai sauke soro ya ɗora kwano, ya sani ya cire nauyin da ke danne bangon, ya kuma tone kansa ga ruwa. Wanda zai zuba dakin na kankare a kan bangon da ba a yi shi da ginshiƙai ba, ko ya ɗora bene a kan tsohon harsashi, yana wasa da rayukan iyalinsa. Wanda kuma zai juya gangarar kwanonsa ta zuba a gindin katangar ƙasa ta maƙwabci, ranku ya daɗe kun san ƙararraki nawa irin wannan ke zuwa gabanku duk damina. A nan a sanar da dagaci, ma'aikacin ƙaramar hukuma ya zo ya gani da idonsa kafin a fara, cikin kwanakin da aka ƙayyade. In bai zo ba, laifin kada ya hau kan mai gida.

Kashi na uku, makaranta da Islamiyya da masallaci da coci da asibiti da rumfunan kasuwa. A nan ba sassauci. Taswira daga ƙwararre mai rajista, dubawa kafin a rufe ɗaurin rufi da silin, sa hannun mutumin da za a iya kama sunansa in abu ya faru, sannan kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai rufin ya ga damina guda. Gwamnati ce ta fi kowa gini a ƙauye. In ta gyara nata, kafintan da ya koyi ɗauri a aikin makaranta zai kai shi gidajen mutane. Tsofaffin gine-ginen taro kuma a riƙa duba su kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Zariya da na ambata ɗazu ya rufta ana sallar La'asar, masallata suka rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. In haka ta faru da gini mai wannan daraja a tsakiyar birni, ina ga masallacin ƙauye da ba wanda ya hau samansa shekara goma?

Na san abin da wasu ke rayawa a zuci, kuma suna da gaskiya: duk ƙofar da aka buɗe wa jami'i a ƙauye tana iya zama ƙofar karɓar na goro. Dattawa suna tuna duba-gari, da amfaninsa da kuma tsoron da ya shuka. Dalilin da ya sa na ce kashi na farko ba kuɗi ba takarda ke nan, na biyu kuma a rubuta a bango cewa dubawar kyauta ce. Kuɗin aikin ya fito daga abin da ake kashewa a agaji. Ina kuma roƙon hukumomin agaji, na tarayya da na jihohi, duk bandir ɗin kwano da za su raba su haɗa shi da langa-langa da ƙusa mai hula da takardar nan shafi guda, su riƙe wani kaso na tallafin sai an ga ɗaurin. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Watannin da ke tsakanin fitowarsa da hadarin farko su ne lokacin da sanarwa a rediyo da huɗubar Juma'a da shelar mai unguwa za su sa mutane su hau su duba rufinsu.

Mai girma shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika.  Fili a buɗe yake ga tambaya ko gyara. Zan so a fara ba kafintoci da magina dama, su faɗa mana nawa wannan ɗauri zai ƙara a kan kuɗin ɗaki guda a kasuwar yau, da abin da masu gida ke ce musu in sun kawo shawarar. Bayansu sai jami'an ƙananan hukumomi, sannan sauran jama'a.